Tsofaffin Sulallan Azurfa Na Gado: A Wanke, A Sayar Ko A Ajiye?

Tambaya: Malam, bayan rasuwar kakarmu mun samu tsofaffin kuɗi a cikin wani gwangwani a ƙasan adakarta. Akwai manya guda shida masu hoton wata mace da shekarar 1780, da sulalla masu hoton itacen kwakwa, kuma duk sun yi baƙi. Wani maƙerin azurfa ya ce zai saya a kan awo. Shin mu wanke su tukuna, kuma yaya za mu san darajarsu?

Amsa: Allah ya jiƙan kaka, ya sa ta huta. Kafin komai, kada ku wanke su, kuma kada ku miƙa wa maƙeri sai kun tantance kowanne, domin abin da ya shiga wuta ya narke ba ya dawowa.

Manyan nan su ne liyari, kuɗin ƙasar Ostiriya mai hoton sarauniya Mariya Teresa, wanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi zuwa Borno da Kano tun kafin zuwan Turawan mulki. Na san idonku na kan 1780, to amma wannan shekarar ba ta nuna lokacin da aka buga na hannunku ba. A shekarar ce sarauniyar ta rasu, kuma da yake 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha sun saba da wannan kamanni ba su yarda da wani ba, sai aka ci gaba da buga shi ba tare da an taɓa shekarar ba, a Biyana da Milan da Roma da Landan da Faris har da Bombay, kuma Ostiriya tana buga shi har yau. Saboda haka mafi yawan liyarin da ke gidajenmu farashinsa bai wuce na azurfar da ke jikinsa da yawa ba. Na gaske yana da nauyin giram 28 da ɗan ɗoriya, azurfarsa kashi 833 cikin 1,000, wato zallar azurfa giram 23.4. Tun da ana faɗin farashin azurfa a kasuwar duniya a kan oza mai giram 31.1, kowane liyari ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na farashin oza a ranar ciniki. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za ku riƙe a zuci, ko da yake maƙeri zai rage kaɗan don ribarsa.

Sulallan masu kwakwa na Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma ne, wadda Ingila ta kafa a 1912. Daga 1913 zuwa 1919 taro da sisi da sule da fataka duk azurfa ce kashi 925 cikin 1,000. A 1920 aka rage ta zuwa rabi, sa'an nan a cikin shekarar aka koma bugawa da tagulla. Sule yana da giram 5.66, fataka kuwa 11.31. Ku duba da gilashin ƙara girma ko za ku ga ƙaramin harafi H ko KN, alamar masana'antun Birmingham biyu da suka buga wasu daga ciki, domin masu tarawa, wato masu sha'awar tara tsofaffin kuɗi, suna bambanta farashi da shekara da wannan alama. Kwabo da anini masu huda a tsakiya, ko da kun gan su farare, ba su da azurfa ko kaɗan.

Gane na gaske ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, don haka duk wanda ya manne jabu ne, ko da yake rashin mannewa kaɗai bai isa hujja ba. Ku auna a sikelin masu sayar da gwal, kuma liyarin da ya gaza da fiye da giram guda alhali bai suɗe sosai ba abin tuhuma ne. Ku ɗora shi a kan yatsa ku ɗan taɓa gefensa da fensir: azurfa tana yin amo siriri mai tsawo, na dalma kuwa amonsa yana mutuwa nan take. A gefen liyari akwai rubutu mai tudu da ya zagaye shi, kuma a nan ne masu zuba jabu suka fi kasawa, sai ka ga haruffan sun cakuɗe ko wani layi ya ratsa gefen.

Abin da ke ɗaga kuɗi sama da nauyin azurfarsa shi ne ƙarancinsa da lafiyar jikinsa. Masu tarawa suna amfani da ma'aunin da Ba'amurke William Sheldon ya fito da shi a 1949, daga 1 zuwa 70, inda 60 zuwa sama ke nufin kuɗin bai taɓa yawo a hannu ba. Ana duba wuraren da suka fi tudu, domin su ne suke fara suɗewa. A liyari, ku dubi ƙaramin ƙawanyar ado da ke kafaɗar sarauniya, ko ana iya ƙirga ƙwayoyin da suka kewaye shi. A sule, ku dubi kambin Sarki Joji na Biyar da ganyen kwakwar. Kamfanoni irin su PCGS da NGC suna tantancewa su rufe kuɗi a roba, amma ladansu da kuɗin aikawa sukan zarce darajar liyari na yau da kullum, don haka ban ba ku shawarar hakan ba sai ga wanda ya fita daban.

Baƙin da kuke gani kuwa, a wurin mai tarawa shaida ce ta cewa ba a taɓa kuɗin ba. Na taɓa riƙe fataka ta 1913 wadda kowane ganyen kwakwarta yake fes, amma an goge ta da toka da lemun tsami, kuma da na karkata ta ga haske sai ga ƙananan ƙarce sun rufe fuskarta kamar an ja tsintsiya a rairayi. Daga ranar da aka goge ta, ta koma kayan awo. Haka nan wanda aka huda ko aka liƙa wa kunne don abin wuya, kamar yadda iyayenmu mata suka saba yi.

Ku riƙe kowanne ta gefe, ku sa shi a ambulan ɗin takarda shi kaɗai, nesa da danshi da leda mai laushi. Ku ware hudaddu da suɗaɗɗu, waɗannan ne za ku yi cinikinsu da maƙeri bayan kun ji farashin mutum biyu ko uku. Tun da kayan gado ne, a rubuta shekara da nauyin kowanne a gaban magada kafin ɗaya ya bar gidan.