Fetur ya cinye fentin tankin babur ɗin Baba

"Oga, barka da hutawa. Tsohuwar Honda CG125 ɗin Baba nake so in gyara masa. Na cire tankin, na goge shi da tsumma, na fesa masa jan fenti na gwangwani a tsakar gida. Wani wurin ya yamutse tun a ranar. Da na mayar na zuba mai, ya ɗiga a bakin tankin, sai fentin ya narke ya biyo hannuna. Jabu aka sayar min, ko ni na yi kuskure?"

Yarona, na ga saƙonka, na ga hoton. Kada ka je ka ɗaga wa mai shago murya, fentinsa lafiya lau yake. Abu biyu ne suka same ka, kowanne da dalilinsa.

Narkewar tukuna. Fentin gwangwani tina ce, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, ke riƙe da shi ruwa-ruwa. In ka fesa, tinar ta bi iska, fentin ya bushe, shi ke nan. Kamar gishirin da ya saura a kwano ne bayan ruwa ya ƙafe, ka sake zuba ruwa ya koma yadda yake. Fetur kuwa ɗan'uwan tina ne. Ko wata guda ka shanya tankin nan a rana, ranar da yaron gidan mai ya ɗiga masa ɗigo uku sai ya yi tabo. Wanda kake gani ina aunawa da kofi a gareji, kiliya, wato fentin nan marar launi mai sheƙi da ake yi a sama, kashi biyu, hadana mai sa ta kama kashi ɗaya, da 'yar tina kaɗan, shi ake kira 2K. Shi kamawa yake yi irin ta siminti, in ya kama fetur ba ya mayar da shi baya. Kuɗinsa ya fi na gwangwani nesa, amma ai ka ji ana cewa araha ba ta ado.

Yamutsewar kuma laifin abin da ke ƙasa ne. Honda ta fara yin CG125 tun 1975, ta Baba ma na san ta girme ka. Babur mai irin waɗannan shekaru da wuya ka same shi da fentin kamfani kaɗai. A hoton, inda ya ɓare, ina hango wani kore a ƙarƙashin jan, kuma ina zargin fentin mai ne irin na ƙofa da taga wani ya taɓa shafa masa. Tinar sabon fentin ta ratsa shi, ya kumbura, ya tattare kamar fatar tsohuwa. Da ka tambaye ni kafin ka fara, da na ce ka jiƙa tsumma da tina ka danna a ƙarƙashin tankin, inda ido ba ya kaiwa, na minti ɗaya. In launi ya biyo tsumman ko wurin ya yi laushi, babu abin da za a ɗora a kai, sai an kankare har ƙarfe. Yanzu ma abin da za ka yi ke nan.

Kafin ka taɓa shi, juye man tas, cire murfi da famfon mai, ka wanke cikin da ruwan omo sau uku, ka bar shi a buɗe ya bushe sarai. Tankin da aka juye ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne ke fashewa. Ban yarda ka kusanto masa da giranda ba, balle walda, balle ka ce za ka babbake tsohon fentin da wuta kamar kan rago. Samfefa mai lamba 80 da hannunka sun isa. In ka gama ka bi da 180 ka kashe zanen da 80 ta bari. Tsatsa kuwa sai ka ga farin ƙarfe yana ƙyalli. Ka kifa tankin ka duba ɗinkin ƙasa da kyau, nan ruwa ke kwanciya a ƙarƙashin mai shekara da shekaru, yana cin ƙarfen ta ciki. In ka ga 'yar huda ko da kamar bakin allura ce, tsaya ka kira ni. Fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawa da shi, ba ta tare mai.

Inda ya lotsa, musamman gefen da kan babur ke bugawa in an faɗi, nan za ka sa fila. A kan tsuran ƙarfe ake sa ta, wanda 80 ta kakkarce, don ta sami abin kamawa. Fila kamar ƙwan kaza, hadanarta kamar ƙwayar gyaɗa, ka cakuɗa har launin ya zama ɗaya. Da zafin nan namu minti huɗu ko biyar ta sandare, saboda haka kaɗan-kaɗan za ka riƙa haɗawa. Ku yaran yanzu kuna son ku laɓta ta da kauri kamar masu yaɓen ɗaki. Shafi biyu marasa kauri sun fi. Kuma kada ka goge fila da ruwa, tana sha, daga baya fentin ya yi ƙuraje. A bushe za ka goge, ka naɗe samfefar a jikin ɗan katako mai santsi, don yatsu rami suke yi. In kana ganin ya yi, rufe idonka ka shafa da tafin hannu. Hannu yana jin tudun da ido bai gani ba.

Daga nan aikin tankin a gida ya ƙare. Ka naɗe shi a busasshiyar jarida ka kawo shi gareji a ranar ko washegari da safe, don tsuran ƙarfe ba ya jimawa bai fara ja ba. Firama, wato shafin farko da ke kama ƙarfe, da launi da kiliya a nan za mu fesa, kai za ka riƙe gan ɗin feshi ina tsaye a kanka. Ba rowar kwamfureso nake maka ba. Hadanar 2K guba ce ga huhu, tana iya sa wa mutum asma ta har abada, kuma ba zan so ka fesa ta a tsakar gidan da ƙannenka ke wasa, Umma na girki a gefe ba. Takunkumin ƙyalle ba ya tare ta, mai gwangwanayen gawayi a gefe biyu ma ragewa yake yi, ko a fili mai iska. Madarar nan da masu fenti ke sha bayan feshi, mu ma mun sha tamu muna yara. Ciki take tafiya, fentin kuma huhu ya shiga.

In firama ta bushe zan nuna maka wata dabara. Za mu watsa mata baƙin fenti sama-sama kamar yayyafi, sannan ka goge da 600 da ruwa. Duk inda baƙin ya saura, rami ne. Sai ya ɓace ko'ina ka bi da 800. Daga nan ba mai taɓa tankin da hannu, don maiƙon yatsa ko ragowar folish shi ke sa fenti ya dare ya bar 'yan ramuka. Sitikar Honda a kan launi ake manna ta, kiliya ta hau kanta. Bakin tankin ma za mu zagaye shi da tef, fentin ya tsaya kafin inda murfi ke zama, in ba haka ba mai zai bi ta gefen ya shiga ƙarƙashi ya ɗaga shi.

Gwangwaninka bai zama asara ba. Firam, jak, murfin cen da kaba na gefe, duk za ka iya yi a gida, mai ba ya zuba a kansu kullum. Ka wanke su tukuna har maiƙo da baƙin mai su fita, ka kashe ƙyallin da 400. Kaban roba ne, kada ka goge shi da tina, tana cin sa, kuma akwai firama ta roba daban. Salansa sai fenti mai jure zafi, za ka ga an rubuta digiri 600 a jikin gwangwanin, na gama-gari kafin ka kai bakin titi ya fara hayaƙi. Madigadin kurom ka bar shi yadda yake, ka goge tsatsar da soson ƙarfe mai laushi. Fenti ba ya son zama a kan kurom.

Da sassafe za ka fesa, kafin iska ta tashi, ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka rataye kayan da waya a inuwa. Tsakar ranar bazara fentin yana bushewa a iska kafin ya sauka, ya fito da kaushi. Ranar da hazo ya sauko ƙura ce za ta manne, da damina kuma in an kwana ana ruwa sai ya yi fari-fari. Girgiza gwangwanin minti biyu bayan ka fara jin ƙarar ƙwallon ciki. Ka riƙe shi nisan taƙi guda na hannu daga abin, ka fara danna kafin ka iso kan abin, ka saki bayan ka wuce shi. Shafin farko bai kamata ya rufe ba, ka bar shi da hasken ƙasa, ka jira minti goma ka ƙara. In ya zubo kamar hawaye kada ka sa yatsa, bar shi sai gobe ka goge.

Lambar shasi da ke wuyan firam ka rufe ta da tef kafin ka fesa. In fenti ya cike ta, ranar da aka tare Baba a hanya bayani zai yi tsawo. Ka kuma duba launin da aka rubuta a takardun babur ɗin kafin mu sayi fenti, in ja ne mu tsaya a ja.

Bayan kiliya sai tankin ya kwana bakwai kafin ya ga mai. Ka taho da shi ranar Asabar, murfin da famfon a leda daban. Ka gaida min Baba, ka ce ya yi haƙuri da hawa na kwana goma.