Fatawa: Kakan mahaifina ya zauna a rinji, shin dole ne in faɗa wa gidan da nake neman aure?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mazaunin Tudun Wada ne a nan Zariya. Tun muna yara ake ce mana mu 'yan wani babban gida ne na cikin Birni, sunan gidan ne ma a takarduna na makaranta. Bara da goggonmu ta kwanta ciwon ajali sai ta kira ni ta ce kakan mahaifinmu ba haihuwar gidan ba ne. Kamo shi aka yi yana yaro, aka kai shi rinjin maigidan, wato ƙauyen bayinsa, a bayan gari. Ta ce da hantsi suke shiga gandu, a kawo musu abinci gona, su tashi da azahar, sannan kowa ya nufi 'yar gayaunarsa. A nan maigidan ya aura masa wata baiwa suka haihu, da maigidan ya rasu aka tafi da 'ya'yansa biyu a rabon gado, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Daga baya ya riƙa biyan murgu, wato kuɗin da bawa ke ba ubangidansa don a bar shi ya yi aikin kansa, ya tara ya fanshi kansa. Kakanmu shi ne autansa, bayan zuwan Turawa aka haife shi.

Malam, yanzu ina neman aure, magabatana sun kusa kai gaisuwa. Shin wajibi ne in faɗa musu? Shin auren kakannin nan ya inganta? Kuma ya halatta in ci gaba da amsa sunan gidan?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan goggonka, ta sauke amanar da mutane da yawa suke shiga kabari da ita.

Ɗana, kai ɗa ne, babu igiyar kowa a wuyanka. Mahaifinka ɗa ne, kakanka ma ɗa ne, shi kuma wancan dattijo ya koma ga Allah yana mai 'yancin kansa, tunda ya biya fansa. Ko da bai biya ba, dokar da Gwamna Lugga ya fitar a 1901 ta ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris na wannan shekara ɗa ne, Turawa suka shigo Zariya a 1902, aka kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936. Yau babu alƙalin Musulunci da zai saurari mai cewa ya mallaki wani.

Game da yadda aka kamo shi, ba zan yanke hukunci a kan matattu ba tare da shaida ba. Amma ka san cewa asalin ɗan Adam a shari'a 'yanci ne, kuma ba duk wanda aka ɗaure aka kai kasuwa ne ya zama bawa a wurin Allah ba. Shehu Ahmad Baba na Tumbutu ya amsa irin wannan tambaya a littafinsa Mi'irajus Su'ud tun 1615. Ya ce launin fata ko ƙabila ba su ne dalilin bauta ba, ya lissafa ƙasashen da mutanensu Musulmi ne, irin su Barno da Kano da Katsina da wani sashe na Zazzau, ya ce ba ya halatta a mallaki wanda ya fito daga cikinsu. Haka waɗanda ba Musulmi ba amma suna da amana da sarki, kama su cin amana ne. Tarihi kuwa bai ɓoye mana cewa an yi hare-hare da satar mutane waɗanda ba su cika ko sharaɗi ɗaya ba. Buhari ya ruwaito hadisi ƙudsi cewa mutum uku Allah ne da kansa abokin shari'arsu ranar ƙiyama, ɗaya daga ciki shi ne wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. To in da abin kunya a labarin nan, ba a kan yaron da aka raba da uwarsa yake ba. Jikokin maigidan na yau su ma ba za a kama su da abin da ba su aikata ba, domin wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani.

Auren kakanninka ingantacce ne. Bawa yana aure da izinin ubangidansa, kuma ka ce maigidan ne da kansa ya haɗa su. Ƙa'idar malamai ita ce yaro yana bin uwarsa wajen bauta ko 'yanci, amma wajen nasaba ubansa yake bi. Saboda haka 'ya'yan da aka haifa a rinji, waɗanda ake kira dimajai, 'ya'yan sunna ne, da ubansu da aka sani. Waɗancan biyu da aka tafi da su 'yan'uwan kakanka ne na jini, zuriyarsu kuma danginka ne duk inda suke.

Yanzu ga abin da ya fi damunka. Ba wajibi ba ne ka tashi haka kawai ka kai wa surukai wannan labari. Aibobin da ake wajabta bayyanawa kafin ɗaurin aure sanannu ne a littattafanmu: hauka, kuturta, albaras, da cututtukan da ke hana zaman aure. Bautar kaka ba ta cikinsu. A mazhabar Malikiyya da muke kai, dacewar miji da mata ana duba ta ne ta fuskar addini da kuɓuta daga waɗancan aibobi. Shehu Halilu ya faɗa ƙarara a Muhtasar cewa 'yantacce, da wanda ba sharifi ba, da wanda bai kai matar daraja ba, duk tsaranta ne a aure. Wannan hukuncin wanda aka 'yanta shi da kansa ke nan, balle tattaɓa-kunnensa. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, shi ya aurar da Zainab 'yar Jahshi, 'yar goggonsa, ga Zaidu ɗan Harisa. Shi ya ce wa Faɗimatu 'yar Ƙaisu, Baƙuraishiya, ta auri Usamatu ɗan Zaidu, bayan Mu'awiya da Abu Jahmi sun nema. Abu Huzaifa kuma ya ba Salimu, wanda aka 'yanta a gidansa, 'yar ɗan'uwansa. Ɗaliban zaurukan Zariya sun san waɗannan ruwayoyi sarai. Abin da ke ba ni mamaki shi ne wani ya karanta babin da safe, da yamma a zo neman 'yarsa ya ce sai an tono wanda ya haifi kakan yaro.

Sai dai yin shiru daban, ƙarya daban, kuma a nan ne nake so ka natsu. A al'adarmu idan magabata suka je, tambayar farko ita ce yaron ɗan wane gida ne. In waliyyinka ya amsa cewa jinin gidan wane ne, alhali kun san ba haka ba ne, an shiga haram. Allah ya ce a Suratul Ahzab, aya ta 5, a kira su da sunan iyayensu maza, shi ya fi adalci a wurin Allah. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa wanda ya jingina kansa ga wanin ubansa yana sane, an haramta masa Aljanna. A da ba ka sani ba, babu laifi a kanka. Yanzu ka sani. Kuma ban da zunubi akwai hukunci na duniya: Halilun nan da ya ce 'yantacce tsaran kowa ne, shi ne ya ce a babin zaɓi idan ya danganta kansa ga ƙabilar da ba tasa ba aka aura masa mace a kan haka, tana da ikon mayar da auren. Abin da ya ba ta wannan iko shi ne yaudarar da aka yi mata. Saboda haka in sun tambaya, ko ka fahimci cewa sunan gidan ne ya sa suka karɓe ka, sai a faɗa musu gaskiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman a Zariya inda tsofaffi suka san wanda ya haifi kowa. Gara su ji daga bakin baffanka a zaure da su ji daga bakin wata tsohuwa ranar suna.

Shawarata ita ce baffanka ya keɓe da waliyyin yarinyar tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ya ce: kakanmu wane ne, a gidan wane ya tashi, a hannunsu ya zauna har ya fanshi kansa. Wannan ya wadatar. In sun karɓa, alhamdu lillahi. In sun ƙi saboda wannan kaɗai, sun saɓa wa abin da aka karantar da su, kuma in waliyyin da ba uba ba ne ya hana mace tsaranta da ta yarda da shi, tana iya kai maganar gaban alƙali. Wanda kuma ya gorantar maka, ka tuna masa abin da Annabi ya ce wa Abu Zarri da ya aibata wani da uwarsa: kai mutum ne da akwai sauran jahiliyya a tare da kai.

Sunan da ke takardunka ba sai ka je kotu ka canza ba. Sahabi Miƙdadu ɗan Amru ne, amma har yau da ɗan Aswadu aka fi saninsa, saboda a hannunsa ya zauna, malamai kuma ba su hana kiransa haka ba tunda don a gane shi ne. Abin da aka hana shi ne ka yi da'awar jini, ko ka nemi gado ko sarautar gidan da wannan suna. 'Ya'yanka kuwa ka rubuta musu sunanka da na mahaifinka.

Tsakaninku da gidan akwai abin da fiƙihu ke kira wala'i, in mallakar ta inganta tun farko. Babban hukuncinsa shi ne in 'yantacce ya mutu bai bar magajin jini da zai kwashe dukiyar ba, wanda ya 'yanta shi ko asabansa, wato danginsa maza ta wajen uba, su gaji abin da ya rage. Bai ba su ikon sa ku aiki ba, bai ba su kaso a amfanin gonarku ba, bai kuma sa sai da izininsu za ku yi aure ba. Gaisuwar Sallah da zuwa jana'iza da biki zumunci ne mai kyau, ku riƙe shi in ana mutunta ku. Amma ka lura, matan gidan ba muharramanka ba ne, sai in akwai shayarwa. Wannan kam ka bincika da kyau, domin a irin waɗannan gidaje sau da yawa mace ɗaya ce take shayar da ɗanta da ɗan maigida.

Ka kuma samu tsofaffin da suka rage, a danginku da ƙauyen da rinjin yake, ka rubuta sunan dattijon da na matarsa da na 'ya'yansu tun ana tunawa. A Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna akwai takardun Lardin Zariya na zamanin Turawa, har da na waɗanda aka 'yanta ta hannun kotu, kana iya dubawa ko a dace da sunan wani daga cikin waɗancan biyu. Ka yi masa addu'a da sadaka da sunansa, kamar yadda ake yi wa kowane kaka Musulmi.

Wallahu a'alam.