Tambaya da Amsa: Ɗalibin Fotugal, Baƙar Alkyabbarsa da Kallon da Yake Yi wa Duniya

Wasiƙu uku ne suka iso mana a wannan wata, dukkansu a kan ɗaliban ƙasar Fotugal, shi ya sa muka haɗa su a fitowa ɗaya. Na taɓa yin 'yan makonni a garin Koyimbra, kuma da abin da na gani a can da wanda na karanta zan amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana ya sami gurbin karatun digiri na biyu a Jami'ar Koyimbra. Ina son sanin yadda ɗaliban ƙasar suke rayuwa, da abin da suke ci, da inda suke kwana, domin hankalina ya kwanta kafin ya tafi. (Wani uba daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a karatun yaro. Jami'ar da za shi tana cikin mafiya daɗewa a Turai, domin an kafa ta a 1290, ta kuma zauna dindindin a Koyimbra tun 1537, a kan wani tudu da ke kallon kogin Mondego. Ɗalibi a can yakan fara yininsa da ɗan ƙaramin kofi na baƙin gahawa mai kauri, wanda yake shanyewa a tsaye a gaban kanta kafin ya hau tudun zuwa aji. Da rana sai ya bi layi a ɗakin cin abinci na jami'a, inda ake ɗora masa romon ganye, da kifi ko nama tare da shinkafa ko dankalin Turawa, da burodi, da ɗan itace guda a faranti ɗaya, a kan kuɗin da bai wuce kimanin yuro 3 ba. Ana auna jarrabawa daga maki 0 zuwa 20, wanda ya sami 10 ya tsallake. Digirin farko shekara 3 ne a yawancin fannoni, na biyu kuma shekara 2.

Ɗan ƙasa mai karatun digirin farko a jami'ar gwamnati an ƙayyade masa kuɗin makaranta a yuro 697 a shekara tun daga zangon 2020, amma baƙon da ya fito daga wajen Tarayyar Turai yakan biya ninkin wannan sau da dama, don haka ku karanta takardar gurbin da kyau. Abin da ya fi ci wa ɗalibai tuwo a ƙwarya shi ne wurin kwana. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar yuro 870 ne a 2025, alhali hayar ɗaki guda a Lisbon ko Porto takan lashe kusan rabinsa, kuma ɗakunan kwanan jami'o'i ba sa isa. Koyimbra ta fi sauƙi, amma ina ba ku shawara ku nemi ɗaki tun kafin watan Satumba. Ɗaliban ƙasar da yawa suna tafiya gida ranar Juma'a da jakar wanki, su dawo ranar Lahadi da dare da robobin abincin da iyayensu mata suka dafa musu, wanda ke rage musu kashe kuɗi. Ɗanka ba zai sami wannan gatan ba, saboda haka a koya masa girki.

Batun abinci kuwa, ya riƙe kalmar porco, wato alade, ya kuma riƙa tambaya, domin sukan yanka tsiren hanjin alade a cikin romon ganye wanda ido ba zai zarge shi ba. Kifi ne mafitarsa, musamman busasshen kifin gishiri da suke kira bacalhau. Babban masallacin Lisbon an buɗe shi a 1985, kuma yawancin waɗanda suka fara raya shi Musulmi ne daga Mozambik da Gini Bisau. Zai kuma ji suna cewa oxalá idan suna fatan wani abu, kalmar da ta samo asali daga Larabci da ma'anar in Allah ya so, tun zamanin da Musulmi suka mulki kudancin ƙasar har zuwa 1249.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni dai ƙwallo na san Fotugal da ita. Ban da ƙwallo, me ke ɗaukar hankalin ɗalibansu? Kuma mece ce baƙar alkyabbar nan da nake ganinsu da ita a hotuna? (Wani matashi daga Maraɗi)

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Ƙwallo tana nan da ƙarfinta, kuma da wuya ka sami ɗalibin da ba ya bayan Benfica ko Sporting ko Porto, ƙungiyar da ɗan Jega ta Jihar Kebbi, Zaidu Sanusi, ya koma a 2020. Ban da ita, suna sha'awar kiɗa da teku da fina-finan waje, waɗanda ake nuna su da harshensu na asali tare da rubutacciyar fassara a ƙasa, abin da ya sa matasansu da dama suke jin Ingilishi sosai.

Alkyabbar kuwa tufafin ɗalibta ce, kuma ana cewa manufarta ita ce kada a bambance ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Wani ɗalibin shari'a ya shimfiɗa mini tasa a kan benci ya nuna mini gefenta na ƙasa duk a tsattsage, ya ce kowace tsaga wani ɗan'uwa ne ko aboki ya yi ta don tunawa, kuma a al'adarsu ba a wanke ta. A watan Mayu suna yin bikin ƙona ƙyallaye, kowace tsangaya da launinta, ja na shari'a, rawaya na likitanci, a buɗe bikin da tsakar dare da waƙar gargajiyarsu mai suna fado a bakin tsohuwar majami'ar garin, dubban ɗalibai sun yi tsit cikin baƙaƙen kaya. Akwai kuma al'adar da suke kira praxe, inda tsofaffin ɗalibai ke sa sababbi yin abubuwa da sunan maraba. Wani lokaci takan kai ga wulaƙanci, ga shan giya da ke tattare da ita, kuma ɗalibi yana da cikakken 'yancin cewa ba ya yi.

Tambaya: Malam, ni malamar tarihi ce a makarantar sakandare. Ƙasar da ta fara jigilar bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, ta kuma zama cikin na ƙarshe da suka saki ƙasashen da suka mallaka, yaya 'ya'yanta na yau suke kallon al'amuran duniya? (Wata malama daga Kano)

Amsa: Malama, Allah ya ƙara basira. Ba za a ce bakinsu ɗaya ba, amma abin da na lura da shi shi ne ra'ayin ɗalibin Fotugal a kan duniya daga cikin gidansu yake tasowa. Kakansa ya rayu a ƙarƙashin mulkin kama-karya na Salazar, wanda ya riƙe gwamnati daga 1932 zuwa 1968, kuma mai yiwuwa an tura kakan yaƙi a Angola ko Mozambik ko Gini Bisau tsakanin 1961 da 1974. Gajiya da wannan yaƙin ce ta sa ƙananan hafsoshi suka kifar da gwamnati ranar 25 ga Afrilu 1974, mutane suka riƙa soka jajayen furanni a bakin bindigogin sojoji. Wato gwagwarmayar 'yan Afirka irin su Amílcar Cabral da Agostinho Neto, waɗanda su ma a Fotugal suka yi karatun jami'a, tana cikin abin da ya samar wa Turawan kansu 'yanci. Bayan haka mutane kimanin rabin miliyan suka kwaso kayansu daga Afirka suka koma ƙasar. Ɗalibai ma sun taka tasu rawar, domin ranar 17 ga Afrilu 1969 shugaban ƙungiyar ɗaliban Koyimbra, Alberto Martins, ya miƙe a gaban shugaban ƙasa Américo Tomás ya nemi a ba shi damar magana, aka hana shi, aka kama shi a daren, sai ɗalibai suka ƙaurace wa jarrabawa.

Inda ake samun saɓani shi ne ainihin abin da kika tambaya. An daɗe ana koyar da tafiyar Vasco da Gama zuwa Indiya a 1498 a matsayin abin alfahari, ana kuma wucewa da sauri ta kan cinikin bayin da aka yi a garin Lagos na kudancin Fotugal a 1444, da kuma gaskiyar cewa jiragen Fotugal da Burazil sun fi na kowace ƙasa kwasar 'yan Afirka zuwa ƙetaren Tekun Atilantika. Ɗalibin yau yana zaune a aji ɗaya da 'yan Burazil da Angola da Kef Bade, kuma su ne suka fi matsa wa a buɗe wannan shafin. A Afrilun 2024 shugaban ƙasa na lokacin, Marcelo Rebelo de Sousa, ya ce ya kamata Fotugal ta ɗauki nauyin laifukan mulkin mallaka, amma gwamnati ta ce ba ta da shirin biyan diyya. A ganina muhawarar ta makara, kuma na tarar da ɗalibai masu kirki waɗanda har yanzu suke riƙe da tsohon zancen cewa mulkin mallakarsu ya fi na sauran Turawa sassauci, zancen da tarihin aikin tilas a Angola da Mozambik ya ƙaryata.

Game da Turai kuwa, ƙasar ta shiga ƙungiyar da yanzu ake kira Tarayyar Turai a 1986, kuma yawancin ɗalibai suna ganin alherinta, musamman shirin Erasmus da ke ba su damar yin zango a wata ƙasa. Sai dai ba su manta da 2011 ba, lokacin da ƙasar ta karɓi bashin ceto na yuro biliyan 78 bisa sharuɗɗan tsuke bakin aljihu, bayan matasa sun cika tituna ranar 12 ga Maris suna kiran kansu tsarar da ta shiga uku. Tun daga nan ma'aikatan jinya da injiniyoyi da yawa suke kammala karatu da niyyar neman aiki a Ingila ko Jamus ko Suwizalan. Wannan takaicin na cikin abin da ya ƙara wa jam'iyyar Chega mai adawa da shigowar baƙi ƙarfi, wadda aka kafa a 2019 ta kuma sami kujeru 60 cikin 230 a zaɓen 2025, da ƙuri'un matasa a ciki.

Sauyin yanayi ma a jikinsu suka ji shi. Gobarar daji ta Pedrógão Grande a Yunin 2017 ta kashe mutum 66, kuma bayanta ne yara da matasa shida 'yan ƙasar suka kai ƙasashe 32 ƙara a Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai, ko da yake kotun ta ƙi karɓar ƙarar a Afrilun 2024. Suna alfahari da cewa António Guterres, wanda ya zama babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, nasu ne, kuma iyayensu suna ba su labarin yadda ƙasar ta fito kwanta da kwarkwata a 1999 don mara wa Timor ta Gabas baya. Ɗalibai da dama sun yi zaman dirshan a jami'o'i saboda Gaza, kafin Fotugal ta amince da ƙasar Falasɗinu ranar 21 ga Satumba 2025.

Idan kina son nuna wa ɗalibanki hoto guda, Malama, ki nemi na jerin gwanon 25 ga Afrilu a babban titin Liberdade na Lisbon, inda za ki ga tsofaffin da suka ga juyin mulkin suna tafe da jikokinsu, jan fure a hannun kowa, matasan kuma suna ɗaga kwalaye masu neman a rage kuɗin haya.