Yayana yana da hemofiliya, ga kuma kansar huhu: jinin dangi zai isa a yi masa tiyata?

Tambaya: Likita, yayana mai shekara 54 yana da hemofiliya A, ciwon da jini ba ya saurin tsayawa, tun haihuwa. An gano kansa a huhunsa na dama, za a cire sashen da ta kama. Mun tara mutum goma da za su ba da jini, amma hankalina bai kwanta ba. Wannan ya isa?

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Ana yin aikin, amma mutum goman nan ba su ne za su tsare shi ba.

Kusan kullum sai na ji wannan magana, wai mai hemofiliya jini ne ya yi masa kaɗan. Jininsa na nan, sinadarin daskarewa na fakta 8 ne ya gaza. Kafin a buɗe ƙirji ana so faktarsa ta kai kashi 80 zuwa 100 cikin ɗari. Mai nauyin kilo 60 zai buƙaci kusan yunit 3,000 na fakta 8 a allurar farko kaɗai. Ledar jini ɗaya, in sabuwa ce, abin da ke cikinta bai wuce yunit 200 da 'yan kai ba, kuma yana lalacewa in ta kwana a firji. Leda nawa za a ɗura masa kafin zuciyarsa ta gaza? Rabin faktar ma yana ƙarewa cikin awa 8 zuwa 12, don haka ana ci gaba da allura kwana 10 zuwa 14. Jinin mai hemofiliya yakan ɓalle ne bayan kwanaki, lokacin da dangi sun saki jiki, sai a ga robar da aka sa masa a ƙirji bayan tiyata ta cika da ja. Shi kuwa mai kemis da ke sayar muku da maganin ƙarin jini da ruwan zogale, kuɗinku kawai yake ci.

Ku nemi likitan jini ya zauna da likitan tiyata. A gwada ko jikinsa na da inhibita mai kashe faktar. Kada a sa rana sai faktar kwanakin duka tana cikin firjin asibitin, kun gan ta da idonku, domin “takarda na kan hanya” ba ta tsayar da jini. Ban da asfirin, ibuprofen da diclofenac, ban da allurar tsoka. In wanzami ya zo da ƙaho, ku sallame shi daga zaure.