Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙarti Biyar Da Ba Sa Gudu Da Ƙwallo

Tambaya: Assalamu alaikum. A gidan kallon unguwarmu akan kamo mana ƙwallon Amurka da tsakar dare, wadda ake sa hular kwano. Na lura da wasu ƙarti biyar da ke durƙusawa a gaba, ba gudu da ƙwallo ba jifa, sai ture-ture kamar 'yan kokawa. An ce daga jami'o'i ake ɗauko su. Me ya sa wani zai yi suna a jami'a amma ya kasa kataɓus a gasar ƙwararru ta NFL, wani kuma da aka raina ya zama gwani? Daga mai karatu a Argungu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da ka ce kokawa ba ka yi nisa da gaskiya ba. Mu kira su 'yan katanga. Na tsakiya shi ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa ga madugu mai jifa, shi ne kuma ke raba wa sauran wanda kowa zai tare. Biyun da ke kusa da shi ana ce musu gad, na can gefe kuma takil. Takil na hagu ya fi tsada, domin madugun da ke jifa da hannun dama yakan ba wa hagu baya, ba ya ganin mai zuwa kayar da shi. Yawancinsu nauyinsu na kai kilo 140, tsawo kuma ya kusa mita biyu, aikinsu shi ne su riƙe abokin gaba na daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku.

Ga inda gizo ke saƙar. A babban rukunin jami'o'i akwai ƙungiyoyi fiye da 130, a NFL kuwa 32 ne kacal. Ƙato a jami'a yakan yi makonni yana danne yaran da ya fi ƙarfi, jikinsa na rufa masa asiri. Da ya shiga NFL, duk wanda zai kara da shi zakaran wata jami'ar ne, sai kurakuran da girma ya ɓoye su fito fili.

Na farko ƙafa ce. Idan za a yi jifa, takil yakan ja ƙafar waje baya a karkace, ta ciki ta biyo ta a ƙasa-ƙasa, gwiwa a lanƙwashe, ƙugu a ƙasa. Ƙafafun ba sa haɗuwa, ba sa harɗewa. Wanda ya harɗe su ko ya miƙe tsaye, an gama da shi, kamar dai ɗan kokawar da ya bari aka shiga ƙarƙashinsa. Na biyu hannu. Dole tafukan su sauka a ƙirjin abokin gaba, gwiwar hannu a matse da jiki. In suka zame zuwa kafaɗa ta waje, sai riƙo, alƙali ya jefa ƙyalle mai ruwan ɗorawa a mayar da ƙungiya baya yadi 10. Akwai kuma mai zura kai gaba don ya yi karo, kansa ya wuce yatsun ƙafarsa. Gogaggen ɗan tsaro kaucewa kawai zai yi ya fizge shi ya kife.

Tsarin wasan ma ya bambanta. Jami'o'i da yawa suna barin 'yan katanga a tsugune ba tare da dafa ƙasa ba, madugu ya saki ƙwallo nan take, don haka yaro zai iya kammala karatu bai iya tashi daga dafe da ƙasa ba. Dokar jami'a ta yarda ɗan katanga ya kutsa gaba har yadi 3 kafin a yi jifa, a NFL yadi 1 ne. Ga tsawon kaka: wasa 12 a jami'a, 17 a NFL.

Shi ya sa a gwajin da ake yi a Indiyanafolis kafin zaɓen watan Afrilu, inda ƙungiyoyin NFL ke ɗaukar sabbin 'yan wasa bi da bi, har tsawon hannu ake aunawa. Takil ana so ya kai inci 33 zuwa 34. Wanda ya gaza akan matsar da shi ciki, kuma ba faɗuwa ba ce: Zack Martin takil ne a jami'ar Notre Dame, Dallas Cowboys suka ɗauke shi a 2014 suka mai da shi gad, a nan ya yi suna.

Dubi mutum uku. Tony Mandarich na jami'ar Michigan State shi ne na biyu a zaɓen 1989, ana ta kururuta ƙarfinsa, amma Green Bay Packers ba su ga abin da suka saya ba, daga baya shi da bakinsa ya ce ya yi amfani da magungunan ƙara ƙarfi. Jason Kelce kuwa ya shiga ƙungiyar jami'ar Cincinnati ba tare da tallafin karatu ba, aka ce ya yi ƙanƙanta, sai a zagaye na shida na 2011 Philadelphia Eagles suka ɗauke shi, na 191. Saurin ƙafa da karanta wasa suka ba shi kaka 13 da kofin Supa Bol, wato wasan ƙarshe na NFL, a 2018. Ba kuma kullum masu zaɓe ke kuskure ba. Joe Thomas na Wisconsin, na uku a 2007, ya yi wa Cleveland Browns karo 10,363 a jere (kowace miƙa ƙwallo karo ɗaya ce) bai fita ko sau ɗaya ba, sai da jijiyar damtsensa ta tsinke a 2017.

Tambaya: Ƙanena ɗan shekara 19 ne, dogo kakkaura, yana kokawa. Zai iya samun shiga ba tare da jami'ar Amurka ba? Daga wata 'yar'uwa a Gusau.

Amsa: Malama, ƙofa akwai, amma ƙarama ce. Tun 2017 NFL ke da shirin ɗauko 'yan ƙasashen waje. Jordan Mailata ɗan Ostireliya ta nan ya bi, bai taɓa buga wasan ba Eagles suka zaɓe shi a 2018, kuma sai 2020 ya fara shiga wasan gasa. Yanzu yana da kofin 2025. A Najeriya, Osi Umenyiora, wanda ya ci kofi biyu da New York Giants, shi ke farauto samari, ta hannunsa Roy Mbaeteka ya sa hannu da Giants a 2022. Sai dai sa hannu daban, samun gurbi cikin 'yan wasa 53 daban.

Ku fara da awo: tsawo, nauyi, tsawon hannu, gudun yadi 40, da sau nawa zai ɗaga ƙarfe mai kilo 102 a kwance. In bai haura santimita 190 ba, da wuya ya samu wuri a katanga. Kokawa ta riga ta ba shi ƙugu da daidaiton ƙafa, saura Turanci, don kiran wasa yawanci da baki ake yi cikin ihun 'yan kallo. Kada ya kusanci ƙwayoyin sha-ka-fashe don ya ƙara kilo. Kumburi suke sawa ba tsoka ba, suna kuma jawo hawan jini da ciwon suga. Duk dillalin da ya nemi kuɗi a hannunku da alƙawarin kai shi NFL, ku riƙe kuɗinku.