Hajiya, ikon suna da shi, amma kada ki yi irin kuskurena

Wa alaikumus salam Hajiya. Tun da asuba na ga tambayarki ina hanyar dawowa daga aikin dare, na ce sai na sallami yara na zauna tukuna, domin wallahi kin fama min miki. Kin ce an aiko muku takarda cewa hukumar makarantun yankinku za ta rufe firamaren da 'ya'yanki ke zuwa ta sayar wa jami'ar gwamnati filin, kina tambaya ko doka ta ba su wannan iko ko ƙarfa-ƙarfa ce kawai. Kin kuma ce kina Teksas. To jiharmu ɗaya, kuma abin da ke shirin samunki shi ya same mu shekarun baya. Har yau in na biyo ta titin tsohuwar makarantar yarana kawar da kai nake yi.

Ba zan ɓoye miki ba, suna da ikon. Ni ma da farko rantsuwa na dinga yi cewa ba zai yiwu ba, wai ai filin jama'a ne, da harajinmu aka gina. Kundin Dokokin Ilimi na jihar, sashe na 11.154, ya ba mambobin hukumar damar su zauna su yanke shawarar sayar da kadarar makaranta, ban da ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa, shugabansu ya sa hannu a takarda, shi ke nan. Ba sai sun tambayi iyaye ba, ba sai an yi ƙuri'ar jama'a ba. Ki daina kallon abin da idon gida, inda tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 gwamna ke riƙe da ƙasa, in abu ya taso a tara dattawa a tafi gidan gwamnati. Nan sunan hukumar ne a kan takardar filin, mambobinta, galibi mutum bakwai, da ke zama a kan dogon tebur su ne wuƙa su ne nama.

Inda muka faɗa rami shi ne babi na 272 na Kundin Dokokin Ƙananan Hukumomi. Wani ɗan'uwa a cikinmu, Allah ya saka masa, niyyarsa mai kyau ce, ya binciko farkon sashe na 272.001, inda aka ce kafin hukuma ta sayar da fili sai ta buga sanarwa a jarida a ranaku biyu daban-daban, ta karɓi tayin masu saye, kuma ba za a yi ciniki ba sai bayan kwana 14 da sanarwa ta biyu. Muka duba, ba su buga komai ba. Hajiya, ki ga murna! Muka ce mun kama su dumu-dumu. Na buga shafin a wurin aiki, na ja layi da jan biro, na ninke na sa a jaka kamar laya. Babu ɗayanmu da ya gangara ya karanta sashen har ƙasa. A can ƙasa, ƙaramin sashe mai harafin j, an rubuta ɓaro-ɓaro cewa in babbar makarantar gwamnati ce za a ba wa, jami'a ko kwaleji, hukumar na iya sayarwa, ko musanya, ko bayar da haya, ko ma kyauta, a ƙasa da kuɗin kasuwa, ba tare da waccan sanarwa da tayi ba. Sharaɗin kawai shi ne abin ya zama don amfanin jama'a da ya shafi ilimi mai zurfi, kuma hukumar ta tsara yarjejeniyar yadda wannan amfani zai ɗore.

Daren da na san da wannan harafin ba zan manta shi ba har in koma ga Allah. Na yi musanyar aiki da wata abokiyar aikina, na bar ƙaramin wajen maƙwabciya, na tafi taron hukumar da babbar 'yata don in harshe ya sarƙe ta taimake ni. Mun kai mu goma sha wani abu, mata sun fi yawa, duk mun sha lulluɓi mun cika layi biyu na kujeru. Aka buɗe taro, aka karrama yaran da suka ci gasar kiɗa, aka yi hotuna, sai kawai mambobin suka tashi suka shige wani ɗaki suka rufe ƙofa. Fiye da awa ɗaya muna zaune, sanyin na'ura na dukanmu, wata cikinmu ta fita ta yi isha'i a bakin baranda. Da suka fito aka kira sunana, aka murɗe shi yadda suka saba. Minti 3 aka ba ni. Akwai wani agogo mai jajayen lambobi a gefen makirfo, yana ƙirgawa baya, ni kuwa idona ya ƙi barin kansa. Na karanta takardata murya na rawa, na ce kun karya doka, ba ku buga a jarida ba. Na zauna ina jin kamar na ci yaƙi, har ana taɓa ni ta baya ana sannu.

Sai ɗaya daga cikin mambobin ya juya ya ce wa lauyan hukumar ko yana da abin cewa. Mutumin ko miƙewa bai yi ba. Ya jawo makirfo, ya ce wannan ciniki a ƙarƙashin harafin j yake, ba ya bukatar sanarwar jarida, ya ture makirfon. 'Yata ta sunkuyo ta raɗa min, Mama wai akwai wani wuri a ƙasa da ba mu karanta ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba a yi minti biyu ba aka ɗaga hannu, mace ɗaya ce kawai ta ƙi. Suka wuce zuwa maganar kwangilar gyaran kwandishan kamar ba a yi komai ba.

Amma ba lauyan ne ya ƙona min rai ba, shi aikinsa ya yi. Mutumin da ya jefa masa tambayar shi ne har yau nake ji a maƙogwaro. Wannan bawan Allah, lokacin yana neman kujera, har wurin walimar Sallarmu ya zo. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya zauna a kan darduma, ya ci waina da miyan taushe da na kwana ina soyawa, har da neman ƙari, aka ƙulle masa dambun nama ya kai wa iyali. Ya dafa ƙirji ya ce muddin yana kan kujerar nan babu mai taɓa makarantar unguwarmu. Mazanmu masu takardar zama 'yan ƙasa suka fita ranar Asabar ɗin Mayu suka zaɓe shi, har da kwasar tsofaffi a mota. Wata uku kafin taron na tare shi a wurin ajiye motoci na tambaye shi jita-jitar da muke ji, ya ce min babu wani abu a ƙasa, in kwantar da hankalina. Daga baya da muka samu takardu muka ga a lokacin har an riga an auna filin an yi masa kuɗi. Ya san da harafin j sarai, ya bar ni na tsaya gaban jama'a na kunyata kaina, sannan ya miƙa wa lauya wuƙar. Duk tsawon minti ukun nan wayarsa yake latsawa. Na yafe wa mutane da yawa a ƙasar nan, wannan kam na bar shi da Allah. Kwanaki na hango shi a kantin sayayya ya ɗago hannu zai gaishe ni, na juya keken kayana na bi wani layi.

Ki yi haƙuri, na saki hanya. Abin da nake so ki gane, kada ki ɓata ƙarfinki kan cewa ba su da iko. Ki duba takardarki da kyau: rufe makaranta daban, sayar da fili daban, kuma galibi ba rana ɗaya ake kaɗa musu ƙuri'a ba. Mu mun yi barci lokacin da ake maganar rufewa, muna cewa ai ba za su iya ba, sai da aka zo sayarwa muka farka, ihu bayan hari. In har ba a kaɗa ƙuri'ar rufewa ba tukuna, can za ki kai kukanki, da yawan yaran da ke ajin, da nisan sabuwar makarantar, da manyan titunan da za su tsallaka.

Shiga ɗakin da suka yi ma doka ce ta ba su. Dokar zaman hukuma a bainar jama'a, babi na 551 na Kundin Dokokin Gwamnati na jihar, ta yarda su tattauna farashin fili a asirce in yin hakan a fili zai raunana su wajen ciniki. Amma ƙuri'ar ƙarshe dole a gaban jama'a za a kaɗa ta, kuma dole maganar ta fito a ajandar da aka liƙa kafin taro. A lokacinmu awa 72 ne, tun Satumban 2025 ya koma ranakun aiki 3. Nan ne kawai na ga ƙofa ta gaske: in suka yanke hukunci ba tare da bin wannan ƙa'ida ba, kotu na iya soke shi. Sai dai kada ki ɗora rai da yawa, suna iya sake liƙa sanarwa daidai su sake kaɗa ƙuri'ar. Lokaci za ki samu, kuma lokaci ba ƙaramin abu ba ne. Ki riƙa buɗe shafinsu na intanet kowane mako, ki ɗauki hoton ajanda da kwanan wata. Suna rubuta abin a dunƙule da lambar fuloti, ba lallai ki ga sunan makarantar ba, mu haka ya wuce mu har sau biyu.

Sannan don Allah ki aika wani ofishin magatakardan kawunti, wato gundumar da kuke, ya nemo asalin takardar filin. Tsofaffin makarantu da yawa wani iyali ne ya ba da filin kyauta, wani lokaci da sharaɗin cewa in aka daina makaranta a wurin ya koma wa magada. Namu babu wannan sharaɗi, mun duba, amma sai bayan aikin gama ya gama muka duba, kin ga wauta. Ki kuma rubuta musu takardar neman bayani a ƙarƙashin babi na 552 na Kundin Dokokin Gwamnati, wato dokar neman bayanan hukuma, imel ma ya isa, ki ce kina son rahoton ƙimar filin, da daftarin yarjejeniya, da wasiƙun da suka yi da jami'ar. Za su iya riƙe maganar farashi kafin a gama ciniki, amma ba haka kawai ba, sai sun nemi hukuncin Antoni Janar na jiha cikin ranakun aiki 10. A kundin manufofin hukumarku ki nemi sashen da ake kira CDB, nan suka tattara dokokin sayar da kadara wuri ɗaya. Da wani ya faɗa min haruffan nan uku, da ban tsaya gaban agogon nan da rabin doka a hannu ba.

Wata 'yar'uwa a nan zauren na ga ta ce miki a wajensu sai an kafa kwamiti. Gaskiyarta, amma ita tana Kalifoniya, can ne ake naɗa kwamitin mutum 7 zuwa 11 ya ba da shawara kan filin da makaranta ta daina bukata. Kowace jiha da dokarta, kada ki ɗauki tasu ki je ki karanta a Teksas, irin tawa za ta same ki.

Maganar lauya kuma, ki yi hattara da karo-karo. Mu mun tara kuɗi a hannun wani, aka je aka ga lauya sau ɗaya, ya faɗa mana abin da na rubuta miki a sama cikin rabin awa, ragowar kuɗin har yau ba a yi bayaninsu ba, zumunci ya lalace, akwai gidan da shekara biyu ban taka ba. Ku je ku uku, ku nemi wanda ya san dokar makarantu ko ta filaye, ba mai yi mana takardun shige da fice ba, ku karɓi rasit.

Da zan koma baya, abin da zan tsaya a kai shi ne sharuɗɗan. Tunda doka ta ce sai an tsara yarjejeniya yadda amfanin jama'a zai ɗore, to a rubuta mene ne amfanin. Ku nemi a sa cewa in jami'ar ta daina amfani da wurin don karatu ya dawo wa hukumar. Ku nemi a bar wa yaran unguwa filin ƙwallo, a rubuce, kada ku karɓi romon baka. Ku tambayi ina kuɗin za su shiga. Ku nemi motar makaranta ga duk yaron da aka mayar nesa. Macen nan ɗaya da ta ƙi ɗaga hannu ta ce min daga baya da mun zo da irin waɗannan bukatu da wuri, da ta samu abin da za ta riƙe ta ja sauran. Kuma kada ku tafi ku kaɗai kamar mu. Maƙwabtanmu 'yan Meziko da baƙaƙen fatar Amurka su ma 'ya'yansu na makarantar, ba mu neme su ba, su ma suka zo nasu daban a wani daren. Kowa na da damar yin magana a taron ko ba shi da ƙuri'a, amma ki yi rajistar suna da wuri, wasu hukumomin suna rufewa tun kafin a fara.

Yarana yanzu ƙarfe shida da 'yan mintuna suke fita jiran mota, da sanyi da duhu, alhali da a ƙafa muke zuwa, ina riƙe da fulas ɗin kunu muna hira da sauran iyaye a ƙarƙashin wata babbar bishiya a bakin ƙofa. An sare ta. Wurin ajiye motocin ɗalibai ne yanzu, wai kafin su samu kuɗin gini. Ƙaramin nawa ya daina tambaya, babbar ce har yanzu in mun wuce take cewa Mama ga ajinmu can, tana nuna kwalta.

Ki ɗauki hoton takardar da aka aiko miki, gaba da baya, ki rufe sunan yaran da adireshi, ki turo min ta akwatin sirri. Ranar taron nake son gani, da kuma ko kalmar rufewa ce a ciki ko ta sayarwa. Zan ɗan kwanta yanzu, ƙarfe biyu zan tashi ɗauko yara, in na ga saƙonki zan kira ki kafin in fita aiki in sha Allah.