Hoto na gaba, murya na baya: laifin ƙanina ne ko na kwamfuta?

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, da fatan kina lafiya tare da iyali.

Ni malama ce, ina koyar da lissafin kasuwanci da kwamfuta ta hanyar bidiyo. Nakan kunna manhajar ɗaukar allo da ta zo da kwamfutata, wani lokaci kuma ta waya, ina aiki ina bayani, ita kuma tana naɗar abin da ke kan allon tare da muryata. In na gama sai in miƙa wa ƙanina. Shi ke yanke inda na yi tari ko na maimaita magana, ya sa rubutu, ya fitar da darasin, ni kuma in ɗan ba shi wani abu.

Anti, duk darasin da ya ɗan yi tsawo, in ya fito daga hannunsa sai murya da hoto su raba gari. Da farko komai lafiya lau. Kafin a kai tsakiya, sai ki ji ina cewa "ku danna nan" alhali kibiyar ta riga ta danna ta wuce wani shafin. A ƙarshe hoto ya ƙare, allo ya yi baƙi, ni kuwa ina ta zuba. Wata ɗalibata har ta rubuto mini: "Malama, wai ina ne nan ɗin?" Kamar in nutse don kunya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, in na kunna ainihin abin da na naɗa kafin ya taɓa shi, babu wata matsala daga farko har ƙarshe. To me zan ce ban da sakacinsa ne? Shi kuma ya rantse fayil ɗin ne ba shi da lafiya, ko kuma kwamfutar ta tsufa. Ya kwana yana daddatsa muryar yana ja da hannu, ya rage mata sauri, ya ma canza wa fayil ɗin suna daga mp4 zuwa mov, amma jiya i yau. Ranar da raina ya ɓaci na ce masa in ba zai iya ba ya faɗa mini in nemi wanda ya iya. Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa mu, har Mama ta fara tambaya.

In sayi sabuwar kwamfuta ne, ko in nemi wani mai haɗa bidiyon, ko in sake naɗar darussan gaba ɗaya? Ɗalibai suna jira.

Ɗiyarki mai neman mafita

Wa alaikumus salam ɗiyata.

Ki riƙe kuɗinki, ki riƙe ƙaninki, kada kuma ki sake naɗar ko darasi guda. Yaron nan gaskiya ya faɗa miki: matsalar tana cikin fayil ɗin tun kafin ya isa hannunsa. Kwamfuta sabuwa fil da ƙwararre mai tsada za su iya cin karo da wannan abin in aka ba su fayil ɗin yadda yake.

Bidiyo hotuna ne jere da juna, kowane ɗaya ana ce masa firem. A tsarin da manhajojin haɗa bidiyo suka fi so, adadin firem a kowace daƙiƙa ba ya canzawa: in 30 ne, 30 ne daga farko har ƙarshe. Masu sana'ar na kiransa CFR, wato tsayayyen sauri. Amma yawancin manhajojin ɗaukar allo da ke zuwa cikin waya da kwamfuta suna da tattali. In allo bai motsa ba, ba sa ɓata wuri wajen ajiye hoto iri ɗaya sau talatin, sai su ajiye kaɗan su jira abu ya canza. Haka in aiki ya yi wa na'urar yawa, sai ta tsallake wasu. Wannan shi ne VFR, sauri mai hawa da sauka. Darasi irin naki kuwa shi ne gidansa, domin kikan tsaya kan shafi ɗaya ki yi minti biyu kina bayani ba abin da ya motsa.

Hujjarki ita ce fayil ɗin yana tafiya daidai in kin kunna shi, kuma na fahimci abin da ya sa ta gamsar da ke. Ki ɗauka magatakarda ne a wurin taro, ba ya rubutu sai an faɗi sabon abu, amma a gefen kowane layi yana sa lokacin da aka faɗa. Wanda ya karanta yana duba gefen takarda zai san inda aka yi dogon shiru. Wanda ya karanta layi bayan layi bai duba ba, zai gama tun taro bai tashi ba. Kowane firem yana ɗauke da irin wannan hatimin lokaci. Manhajar kallo irin VLC tana bin hatimin, shi ya sa kike ganin komai daidai. Manhajar haɗa bidiyo kuwa an gina ta ne a kan gurabe masu tazara iri ɗaya, kuma ba kowace ce ke iya daidaita hatimin da guraben ba. Murya ba ruwanta, tana tafiya da saurinta ɗaya, sai hoto ya tsere ya bar ta.

Ke mai lissafi ce, ga shi a lamba. A ce darasi na minti 20 ne, daƙiƙa 1,200 ke nan, kuma matsakaicin abin da aka naɗa firem 29.5 ne a daƙiƙa. Jimilla 35,400. In manhaja ta jera su a kan 30, za su ƙare a daƙiƙa 1,180. Ga daƙiƙa 20 na baƙin allonki nan, daga rabin firem kacal. Kuma giɓin ba a rabe yake daidai ba, yana taruwa ne a inda allo ya tsaya. Shi ya sa rage saurin murya da ƙaninki ya yi bai yi aiki ba: ya gyara ƙarshe, tsakiya ta goce. Canza suna daga mp4 zuwa mov kuwa bai taɓa ko firem ɗaya ba.

Kafin ku gyara komai, ku tabbatar da cutar. Ku sauke MediaInfo, kyauta ce, ku buɗe fayil ɗin da ita, ku nemi layin da aka rubuta "Frame rate mode". In ya ce "Variable", ku dubi layukan da ke ƙasa, masu nuna mafi ƙarancin sauri da mafi yawa. Bidiyon kyamarar waya ma yakan ce "Variable", amma sau da yawa za ku ga lambobin biyu suna maƙwabtaka da 30, wannan ba kasafai yake tada hankali ba. In kuka ga na ƙasa ya faɗo can ƙasa da 10, na sama yana 60, to kun kama ɓarawon.

Maganin shi ne a sake sarrafa fayil ɗin zuwa tsayayyen sauri kafin ya shiga manhajar haɗawa. Kafin, ɗiyata, ba bayan an yanka ba. Manhajar HandBrake ce mafi sauƙi, ita ma kyauta ce. Ku buɗe fayil ɗin, ku shiga sashen "Video". A nan gizo ke saƙa, don haka ku nutsu. A gurbin "Framerate" ku zaɓi lamba da hannunku, 30 ta wadatar wa darasin allo. Mai naɗar wasan kwamfuta ne ke buƙatar 60. Kada ku bar shi a "Same as source", domin yana iya ɗauko wata baƙuwar lamba daga fayil ɗin da dama can bai tsaya wuri ɗaya ba. Sannan a ƙasansa ku danna "Constant Framerate". Saitin da HandBrake ke buɗewa da shi yana kan "Peak Framerate", wanda iyaka kawai yake sa wa saurin daga sama, ya bar shi yana sauka yadda ya ga dama. Mutane da yawa na ganin 30 a rubuce su ɗauka an gama, su jira awa guda, su fito da wani VFR ɗin. An gudu ba a tsira ba.

Tunda darasinki ƙananan lambobi ne a cikin layuka, ingancin hoto ba abin wasa ba ne. A ma'aunin inganci da ake kira RF, ƙaramar lamba ita ce hoto mafi kyau, ku sa shi wajen 18, ku zaɓi tsarin matse bidiyo na H.264. Ku leƙa sashen "Dimensions" ku tabbata ba a rage girman hoton ba, ba a kuma yanke gefensa ba, domin manhajar takan datse abin da ta ɗauka baƙin gefe ne. In an ajiye muryar a tsarin sauti na AAC ne, ku zaɓi "AAC Passthru" don ta wuce yadda take. Sabon fayil ɗin zai iya fin na asali nauyi, kada ku damu, maimaita hoto iri ɗaya ba ya cin wuri sosai. Na asalin kuma ku adana shi, kada a goge.

In ƙanin naki ba ya tsoron rubuta umarni, manhajar FFmpeg na yin aikin da layi guda, kuma ita ta fi dacewa in darussan suna da yawa:

ffmpeg -i asali.mp4 -fps_mode cfr -r 30 -c:v libx264 -crf 18 -c:a copy gyararre.mp4

In tasa ta girmi sigar 5.1, sai ya sa -vsync cfr a madadin -fps_mode cfr. Abin da zai guje wa shi ne -c:v copy. Yana gamawa kamar ƙiftawar ido, har mutum ya ji daɗi, amma kwafe hoton kawai ya yi da cutarsa.

In an gama, a mayar da sabon fayil ɗin MediaInfo, a ga ya ce "Constant". Sai a jefa shi cikin manhajar haɗawa, a saita aikin shi ma a kan 30, a tsallaka kai tsaye zuwa minti na ƙarshe. Farkon bidiyo ba ya ba da shaida a wannan shari'ar, kullum lafiya yake.

Sai darussan da ya riga ya sha wahala ya yanka. Ba sai ya faro daga tushe ba. Manyan manhajojin suna da hanyar musanya fayil a cikin aikin da aka fara, a Premiere Pro sunanta "Replace Footage". Amma ya sani wuraren da ya yanka za su iya gocewa, tunda tsawon hoton ya canza, kuma duk jan muryar da ya yi da hannu sai ya warware shi. Zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya fi dai sake aikin sauƙi. In Premiere Pro ɗin yake amfani da ita, tun 2018 ta zo da wani zaɓi mai suna "Preserve Audio Sync" domin irin waɗannan fayilolin. Ya gwada, wani lokaci yana isarwa. Ni dai ban cika dogara da shi a dogon darasi ba, na fi son a gyara fayil ɗin a huta.

Nan gaba, a kwamfuta ki koma OBS Studio, kyauta ce, kuma da tsayayyen sauri take naɗa. Ki sa ta a 30, ki rufe manhajojin da ba ki buƙata kafin ki fara. In kika naɗa a tsarin fayil na MKV, ko kwamfuta ta ɗauke a tsakiyar darasi abin da aka naɗa ba ya lalacewa, daga baya ki mayar da shi MP4 da "Remux Recordings" a cikin OBS ɗin. Na waya kuwa, ki ɗauka kawai duk abin da aka naɗa daga allonta sai ya bi ta HandBrake. Ga wata 'yar dabara: a farkon kowane darasi da ƙarshensa ki ce "ɗaya, biyu, uku", ki danna wani abu da ake gani a kan ukun. Mai haɗawa zai gane nan take ko akwai giɓi, sannan ya yanke wurin.

Batun ƙaninki kuwa, yaron da zai kwana yana jan murya da hannu don darasin yayarsa ba mai sakaci ba ne, an dai shafa masa kashin kaji. Maganar da kika faɗa masa ta fi aikin ciwo, kuma ke ce babba, ke za ki fara. Kada ki tura masa wannan amsar ta waya ki yi shiru. Ki kira shi, ki ce masa ya yi gaskiya, ki ba shi haƙuri, ku buɗe MediaInfo tare. Kwanan da ya yi yana fama ma aiki ne, ki saka shi cikin lissafin abin da za ki ba shi. Mama ba sai ta ji dogon bayani ba, in ta gan ku gaban kwamfuta ɗaya ta samu amsarta.

In fayil ya ce "Constant" amma har yanzu akwai saɓani, ku lura da irinsa. Wanda yake daidai wa daida daga farko har ƙarshe jinkiri ne kawai, sau da yawa daga makirfo ko abin kunne na Bluetooth, a ja muryar sau ɗaya ta zauna. Wanda ke ƙaruwa a hankali kuma, musamman in da wata na'ura daban aka naɗi muryar, ku duba ma'aunin saurin naɗar sauti, ko na'ura ɗaya tana kan 44.1 kHz ɗaya tana kan 48, ku mayar da duka 48. In ya ƙi, ki sake rubuto mini da lambobin da MediaInfo ta nuna na hoto da na murya.

Antinki